Bashi da Ƙwaƙwalwar Manomi: Muhawara a Zauren Manoma da Malamai

Malam Habu, Ringim:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ranar Lahadin da ta wuce, a kan hanyarmu ta dawowa daga kasuwar Gujungu, gardama ta kaure a cikin mota a kan manomin da yake kwashe geronsa ya sayar da kaka a farashin banza, sannan idan marka ta yi ya koma yana auno da tiya da tsada. Wani fasinja ya kafe a kan cewa wannan rashin lissafi ne tsagwaronsa, kuma wai rashin lissafin ne ya mai da talaka talaka tun fil'azal. Ban tanka masa ba domin ya girme ni, amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda na san wani binciken masana halayyar ɗan Adam da ya juya wannan magana ya ɗora ƙafarta a sama.

A shekarar 2013 mujallar Science ta buga aikin masana huɗu, wato Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao. Sun je jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, suka zaɓi manoman rake 464 a ƙauyuka 54, mutanen da kuɗinsu yake shigowa sau ɗaya a shekara kamar mu. Kowane manomi an yi masa gwajin kaifin basira sau biyu, ɗaya kafin ya sare rakensa, ɗaya kuma bayan an biya shi. Gwajin bai buƙatar karatun boko. A wani ɓangare ana nuna wa mutum jerin zane-zane a ce ya zaɓi wanda zai cike gurbin da aka bari, a wani ɓangaren kuma ana nuna masa lamba biyar sau uku a jere, amsar da ake so ita ce uku, ba biyar ɗin da idonsa yake gani ba. Kafin girbi, kashi 99 cikin 100 na manoman suna da bashi a wuyansu, kashi 78 kuma sun jinginar da kayansu. Bayan girbi masu bashi suka koma kashi 13, masu jingina kashi 4. Mutum guda ne, da ƙwaƙwalwarsa guda, amma kafin kuɗi su shigo yana yawan kuskure kuma yana jinkirin amsa, bayan sun shigo sai kansa ya buɗe. Abin da masanan suka ce shi ne, tunanin bashi da na abin da za a ci gobe yana cinye wani kaso na hankalin mutum, sai abin da ya rage masa na sauran al'amura ya ƙaranta. Ina neman ra'ayin manya a kan wannan.

Alhaji Mati, Taura:
Wa alaikumus salam, Malam Habu, Allah ya ƙara sani. Jikana ne yake rubuta mini, ni kuma ina faɗa masa. Na haura shekara hamsin ina noma, kuma abin da waɗannan mutane suka je Indiya nema yana nan a ƙofar gidana. A tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga maimai yana jira, ga 'yan ƙwadago suna son kuɗinsu a hannu, ga zazzaɓi ya kwantar da yara biyu ko uku, za ka ga dattijon da aka sani da natsuwa ya fita da fartanya ya manta inda zai je. Ni da kaina na taɓa zuba taki a gonar da na riga na zuba wa, na bar wadda take jira, kuma a shekarar ba tsufa ne ya jawo ba, domin ko furfura ban fara ba. Bashin buhu biyu ne da na ci a kan zan biya uku da kaka yake yi mini yawo a kai dare da rana. Shi kuma wancan fasinja ya kamata ya sani cewa mai sayar da gero da kaka sau da yawa ba nasa yake sayarwa ba. Tun yana tsaye a gona masu bashi suka riga suka raba shi.

Nura, ɗalibin jami'a, Gumel:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Malam Habu, da izininka zan kawo gyara, ba don na musanta abin da Baba ya gani da idonsa ba, sai don kada mu ɗora wa bincike guda nauyin da ya fi ƙarfinsa. Tun a shekarar da aka buga aikin wasu masana suka tayar da tambaya cewa gwajin bayan girbi shi ne karo na biyu da manomin ya ga tambayoyin, kuma duk wanda ya maimaita abu yakan fi iya shi. Masu binciken sun ba da amsa cewa sun ware manoma 100 da aka gwada karon farko bayan girbi, kuma sakamakonsu bai bambanta da na sauran ba, amma gardamar ba ta mutu a nan ba. A 2016 Leandro Carvalho da abokan aikinsa sun gwada masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, wasu kafin ranar albashi wasu bayanta, ba su ga wani bambanci a kaifin tunaninsu ba. A 2021 kuma wata tawaga ta sake gudanar da gwaje-gwaje 20 da aka buga a kan wannan batu na ƙarancin abin hannu, huɗu kawai suka sake ba da sakamako irin na farko.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Zambiya, wanda Dietmar Fehr da Günther Fink da Kelsey Jack suka buga a 2022, da manoma fiye da 3,000. Sukan ba manomi wani kaya kyauta, sannan su ba shi damar musanya shi da wani mai daraja kusan ɗaya. An san cewa ɗan Adam yakan maƙale wa abin da ya riga ya shiga hannunsa ko da babu dalili. To, sun tarar cewa a lokacin da abin hannu ya ƙaranta, kafin girbi, manoman sun fi sakin wannan maƙalewa su zaɓi abin da zai amfane su. Ke nan talauci ya sa sun fi lissafi a wannan fage, ba akasin haka ba.

Malam Habu, Ringim:
Nura, na gode, kuma na karɓi gyaran a kan cewa maganar ba ta zama yankakkiya ba. Sai dai ina ganin na Zambiya bai rushe na Indiya ba. Su kansu masu binciken farko ba su ce talaka ya daina tunani ba, cewa suka yi hankalinsa yakan tattaru kacokan a kan abin da ya matse shi, ya ƙware a kansa, sauran abubuwa kuma su faɗi a gefe. Matar da ta san farashin kowane mudu a kasuwa uku, wadda ba mai iya cutarta ko da naira goma, ita ce kuma za ta manta ranar rigakafin jaririnta. Sannan akwai wani aiki da ya fi ƙarfin hujja, domin ba gwajin takarda ba ne. Supreet Kaur da abokan aikinta sun ɗauki ma'aikata 408 a jihar Odisha ta Indiya, masu ɗinka farantin ganye a lokacin da aikin gona ya yanke. Kuɗin aikin kowa ɗaya ne, amma ta hanyar ƙuri'a aka biya wasu wani ɓangare na haƙƙinsu kwanaki kaɗan kafin sauran. Waɗanda aka biya da wuri suka je suka rage bashi suka yi cefane, sai yawan farantin da suke yi ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, kuma kurakuran ɗinkinsu suka ragu, abin ya fi bayyana a kan waɗanda suka fi talauci. A nan babu maganar maimaita jarrabawa. Duk mai ɗaukar 'yan ƙwadago a cikinmu yana da abin dubawa a nan, musamman masu cewa sai an gama aiki ranar kasuwa za a biya.

Malam Isyaku, limami, Garki:
Bismillahi. Na bi maganganunku tun daga farko, kuma ina so in tunatar da cewa malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa hankali yana da abin da yake shagaltar da shi. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, kuma malamai suka yi ƙiyasin matsananciyar yunwa da ƙishirwa da damuwa a kan haka. Ya kuma yi umarni cewa idan an kawo abinci aka tayar da salla a fara da abincin, domin kada zuciya ta rabu biyu. Yakan yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa wanda bashi ya kama yakan yi zance ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ku lura cewa halin ya biyo bayan bashin ne. Tsorona guda ɗaya ne, kada matasa su ji wannan su mai da shi uzurin barin amana, su ce ai masana sun ce ƙwaƙwalwata ce ta cika. Sanin dalilin abu bai ɗauke wa baligi nauyin aikinsa ba, amma yana wajabta wa mai hali ya sassauta wa wanda yake bi, ya kuma daina yi masa kallon wawa.

Hajiya Binta, ma'aikaciyar lafiya, Ɓaɓura:
Allah ya gafarta Malam, wannan gargaɗi yana kan hanya. Ni ta fuskar lafiya nake so in shigo, domin duk maganar da ake yi ta ƙwaƙwalwa a jiki take sauka. A ɗakin shan magani inda nake aiki, daga watan Yuli zuwa Satumba, bayan zazzaɓin cizon sauro babu abin da na fi ji kamar ciwon kai, da faɗuwar gaba, da rashin barci. Idan na auna na ga babu zazzaɓi, na zauna da mace na tambaye ta a hankali, ƙarshen maganar shi ne tunani ya yi mata yawa. Mutanen Zimbabuwe ma suna da kalma a harshen Shona mai wannan ma'ana daidai, wato yawan tunani, kuma a kanta wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya gina shirinsa a birnin Harare. Ya horar da ma'aikatan sa-kai, yawancinsu tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron mai damuwa, su taimaka masa ya ware matsalolinsa ya kama guda ɗaya ya fara da ita. Gwajin da aka buga a 2016, mai mutane fiye da 500, ya nuna cewa bayan wata shida alamun damuwa sun ragu sosai a wajen waɗanda suka zauna a bencin fiye da waɗanda aka ba kulawar da aka saba.

Sai maganar barci, wadda nake ganin ita ce aka fi rainawa. An yi wani bincike a birnin Chennai na Indiya da masu ƙaramin ƙarfi 452, aka ɗaura musu na'urar auna barci a hannu. Sukan kwanta kusan awa takwas, amma barcin gaske awa biyar da rabi ne kawai, saboda zafi da sauro da hayaniya da cunkoso suna ta farkar da su. Aka ba wasu katifa da fanka da sauran kayan kwanciya, barcin darensu ya ƙaru da minti 27, amma abin mamaki bai ƙara musu komai a aiki ko a natsuwa ba. Abin da ya yi tasiri shi ne barcin rabin awa da rana a wuri mai shiru, wanda ya ƙara musu mayar da hankali da walwala, ko da yake ya rage musu lokacin aiki. Da na karanta wannan sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ko ana tsakiyar huɗa ba ya barin ƙailularsa a gindin tsamiya, muna yara muna ganin kamar lalaci ne.

Malama Rabi, uwar adashe, Kazaure:
Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Ina da tambaya ga Malam Habu da ƙanena Nura a kan yara. Akwai wata malama da ta taɓa ce mana a wajen taron mata wai a Amurka an gwada yara da alawa, wanda ya iya haƙuri ya jira aka ba shi biyu shi ne ya yi nasara da ya girma, wanda ya cinye nan take kuma ya lalace. Tun daga ranar nake kallon 'ya'yana da wannan ido, domin ɗan autana ko ƙuli-ƙuli ka ba shi ba ya kai shi bakin ƙofa. Shin wannan magana tana nan daram?

Nura, Gumel:
Yaya Rabi, ki kwantar da hankalinki a kan ɗan auta. Gwajin gaskiya ne, Walter Mischel ne ya fara shi a Jami'ar Stanford wajen ƙarshen shekarun 1960, amma yaran da ya gwada 'ya'yan makarantar renon jami'ar ne, galibi na malamai da ɗalibanta. A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka sake duba batun da yara fiye da 900 daga gidaje iri-iri, suka tarar cewa alaƙar da ke tsakanin jira da ƙoƙarin makaranta rabin abin da aka faɗa a baya ce, kuma da aka yi la'akari da halin gidan da yaron ya fito sai yawancinta ta zube. Kafin nan ma, a Jami'ar Rochester, Celeste Kidd ta yi wata dabara. Ta sa a yi wa wasu yara alkawarin kawo musu kayan zane a cika, wasu kuma a yi musu a saɓa, sannan aka ajiye musu alawar. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kusan minti 12, waɗanda aka saɓa wa kusan minti 3. Yaron da ya saba ganin an ce gobe, goben kuma ba ta zo ba, idan ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki bai yi wauta ba.

Akwai kuma wanda ya fi kusa da mu. Bettina Lamm ta Jami'ar Osnabrück ta gwada yara 'yan shekara huɗu na manoman ƙabilar Nso a arewa maso yammacin Kamaru, da fanke a maimakon alawa, ta kwatanta su da yaran masu matsakaicin hali a Jamus. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira minti goma da aka ɗibar musu har ƙarshe, wasu har barci ya ɗauke su a zaune, alhali na Jamus kashi 28 ne suka iya. Wannan yana nuna cewa tarbiyyar gida tana da nata hannun, kuma yana tuna mana cewa yawancin abin da ake kira halayyar ɗan Adam a kan mutanen Turai da Amurka aka auna shi.

Alhaji Mati, Taura:
To, yaro, yanzu ka kawo mu inda nake so. Idan 'ya'yan manoman Kamaru sun fi na Jamus haƙuri, ashe ba haƙuri ne muka rasa ba. Mu da muke binne iri a busasshiyar ƙasa mu jira wata uku ko huɗu, wa zai koya mana jira? Abin da nake so masu ilimi su faɗa mini shi ne, mene ne amfanin wannan duka a gona? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan mun sani tun kakanni.

Usaini, malamin gona, Kura:
Ranka ya daɗe, Alhaji, amfanin yana cikin lokacin da ake yanke shawara. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun lura cewa manoman masara da yawa sukan ce za su sa taki a damina mai zuwa, amma idan lokacin ya zo kuɗin sun riga sun narke. Sai aka riƙa zuwa wajensu nan da nan bayan girbi, a sayar musu da takardar karɓar taki a cikakken farashi, rangwamen kawai shi ne za a kai musu har gida kyauta a lokacin da suke so. Wannan ɗan abu ya ƙara yawan masu amfani da taki kwatankwacin abin da ragin rabin farashi ya yi da aka kawo shi a tsakiyar damina. An buga aikin a 2011, kuma Duflo da Kremer suna cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. A Kenyan dai wasu masana sun ba manoma rance da kaka domin su biya buƙatunsu ba tare da sun sayar da masara a lokacin arha ba, suka adana ta har farashi ya tashi, kuma sun sami riba a kai. Wannan shi ne amsar fasinjan Malam Habu, domin da aka cire wa manomi matsin kuɗi na lokacin kaka sai ga lissafin da aka ce ba shi da shi.

Mu malaman gona ma muna da namu laifin, kuma ina faɗa da bakina. Mukan tara manoma a watan Yuli mu yi musu bayanin tazarar shuka da ma'aunin maganin feshi na awa uku, da takardu masu cike da lambobi, a daidai lokacin da rabinsu suke tunanin abin da za a ɗora a murhu da daddare. Idan ba su aikata ba sai mu rubuta cewa manoma ba sa karɓar sabon abu.

Malama Rabi, Kazaure:
Malam Usaini, abin da ka faɗa na Kenya shi ne adashe da wata riga, domin amfanin adashe shi ne ya raba ka da kuɗinka tun kana da su kafin buƙatun gida su gan su. Ƙungiyarmu mata 24 ce, kuma mun saba yin zubi ɗaya duk shekara, ko da kaka ko da marka, shi ya sa duk watan Agusta sai an yi rigima da masu fashin zubi. Zan kai musu shawarar mu ninka zubi daga Nuwamba zuwa Janairu lokacin da ake sayar da riɗi da zoɓo da gyaɗa, mu rage shi zuwa rabi daga Yuli zuwa Satumba, kuma kwasar watan Mayu ta zama ta taki ce kai tsaye, ba kuɗi a hannu ba. Abin da ban sani ba shi ne inda za mu ajiye buhunan idan mun saya da wuri, domin ɗakina yana yoyo.

Alhaji Mati, Taura:
Ke Rabi, taki ba ya son danshi ko kaɗan, musamman yuriya, yakan dunƙule ya zama dutse. Ku nemi ɗaki mai rufin kwano, ku jera katako ko itace a ƙasa yadda buhu ba zai taɓa daɓe ba, kada kuma ku jingina shi da bango. Mabuɗin kuwa kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ku sa kwaɗo biyu, ɗaya a wajenki, ɗaya a wajen wadda ba ta da gona a cikinku.